Ƙullin Taru a Gyalen Ajuma

Shekara talatin Ajuma tana saƙa a Gaya ta bakin kogi, ba a taɓa mayar mata da kaya ba sai da Hasiya mai waina ta mayar. Ta zo da gyalen a leda, ta baza shi bisa igiyar shanya gaban matan unguwa. Farkonsa taƙi biyu, ƙarshensa taƙi biyu, amma wuri uku a tsakiya ya tsuke kamar an shaƙe shi. Wanki ɗaya ya tona abin. Da ma faɗa Hasiya ta yi, da ya fi sauƙi. Cikin tausayi ta ce ai shekaru ne, ido ya gaji, hannu ya gaji, Inna ta huta hakanan. Matan suka gyaɗa kai.

Ajuma ba ta ga abin hutawa ba. Hannunta ne, ta san shi. Abu ɗaya ne sabo a gidan, masaƙar da Sallau masassaƙi ya haɗa mata bayan gara ta cinye tsohuwar: itace huɗu, ƙusoshi jere sama da ƙasa. Ta ɗauki gyalen ta bi ta gefen kamiyoyin kaya da ke jiran duwan, masu karɓar harajin iyaka, ta same shi a rumfarsa, ta faɗa masa abin da ke ranta ba ragi. Ta ce ya sassaƙa mata abin kunya, ya zo ya gani, kuma da bakinsa zai gaya wa Hasiya laifin wa ne.

Sallau bai yi musu ba, ya bi ta gida. Wani gyalen na kan masaƙar, rabinsa. Ya gwada sama da igiya, ya gwada ƙasa, ya gwada kusurwa zuwa kusurwa, duk daidai. Ya tsuguna ya daɗe yana shafa gefen saƙar, ya sami wani wurin da ya fara tsukewa.

"Inna, itace in ya karkace, ya karkace ke nan. Ba ya tsukewa wuri uku ya saki. Wannan hannu ne."

Ta kore shi. Mijinta Seyni na zaune ƙarƙashin dalbejiya da ƙafarsa a miƙe. Tun da gwiwa ta hana shi shiga kwalekwale bara, nan yake wuni, tarunsa na rataye a bango ba mai taɓawa.

Kwana uku maganar hannu na tsaye mata a wuya. In hannu ne, to Hasiya ta yi gaskiya. Amma wane irin hannu ne ke gajiya yau ya warke gobe? Ta fitar da gyalen rana, ta ɗauki allura, ta shiga warware wurin da ya tsuke layi-layi. Zaren ya matsu har allura ba ta shiga sai da ƙyar. A layi na tara ta ci karo da ƙulli.

Ita ba ta ƙulli. Uwarta a Bengou ta koya mata, in zare ya ƙare sai a kwantar da bakin sabon bisa na tsohon, a danne da akwasha, itacen nan mai faɗi da ake buga saƙa da shi. Wannan kuwa ƙulli ne ƙarami, mai tauri kamar tsakuwa, ko an ja ba ya zamewa. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta warware wuri na biyu, ga wani. Na uku, ga biyu. Ta ɗaga kai ta dubi tarun da ke bango. Irinsa dubu ne a jikinsa.

Sai ta tuna. Sau uku ta haye kogi zuwa Malanville sayen zare lokacin da take saƙa wannan gyalen. Har ta taɓa dawowa ta ga aiki ya yi nisa, ta yaba wa kanta da sauri.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ce za ta kasuwa. Ta kai kwanar masallaci ta juyo, ta tsaya bayan zana inda akwai ɓula. Ba ta daɗe ba Seyni ya ja gindi zuwa gaban masaƙar. Ya yi bisimilla. Ya zura zaren tsakanin na tsaye, sama, ƙasa, sama, ƙasa, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai gefe sai ya naɗe zaren a yatsa, ya fizge shi da ƙarfi, yadda ake yi wa taru don kada kifi ya ɓalle. Ta zo ne ta kama shi, amma ta tsaya har ya yi layi shida, tana mamakin yatsun. Ashe haka suka iya.

Ta shiga. Ya saki zaren.

"Malam, giwan ruwa kake jira ya faɗa cikin gyalen mutane?"

Ya ce shi dai yana son ya ga yadda zare ɗaya ke zama tufa. Kullum yana kallo, hannunsa na ƙaiƙayi. Ya zaci taimako yake yi, don a ganinsa saƙarta ta yi sako-sako.

"Sako-sako? An ce idona ya mutu gaban mata bakwai kana jin su. Na zagi ɗan mutane a banza kana zaune."

Ya sunkuyar da kai ya ce kunya ce ta riƙe shi. Ta ce kunyar nan ita ta ɗauke ta kwana huɗu, yanzu ya karɓi abarsa. Ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya, kuma ba ta rage ba.

Da la'asar Seyni ya dogara sanda har gaban tandar Hasiya, Ajuma na bayansa da gyalen. Matan na nan. Ya faɗa da bakinsa cewa hannunsa ne. Ajuma ta miƙa musu ƙullin ɗaya bayan ɗaya, kowa ta taɓa, wadda ubanta masunci ne ta gane shi tun kafin a yi mata bayani. Aka yi dariya har waina ta ƙone. Hasiya ta ce a saƙa mata wani, ja da baƙi, ta ƙara da cewa idon Inna ya fi nata.

A hanyar gida suka biya rumfar Sallau. Ajuma ta ce masa itacensa lafiya lau, ita ce ta yi gaggawa. Kafin ya amsa ta ce ya haɗa wata masaƙar, ƙarama, ta zaman ƙasa.

Ran da aka kawo ta, ta zaunar da Seyni, ta nuna masa yadda ake barin zare ya lanƙwasa kamar baka kafin a buga. Ya yi layi biyu daidai. A na uku yatsansa ya fara naɗe zaren, ta buge shi da akwasha.