Ranar da Malsun ta bar taɓo

Malsun ta ɗora gwiwar hagu a kan katakon, ta tokari taɓo da ƙafar dama, jirgin nata ya sulala kamar an shafa masa mai. Jirgi suke ce masa a ƙauyen, ko da yake katako ne guda, tsawon mutum da rabi, mai ɗagaggen hanci. Shekara hamsin da biyu take hawansa tana kamfatar ƙumba, 'yan halittun nan masu ɓawo da ake ci, duk sa'ad da teku ta janye ta bar taɓo shimfiɗe iyakar ganin ido.

"Yaya, sannu da gudun hijira!" in ji Bunim, maƙwabciyarta, tana biye da ita a nata katakon. "Ba ce wa ɗanki kika yi za ki je yi mini sallama ba?"

"To ga shi ina yi miki. A ɗaki na ce za a yi ta?"

Can kan gaɓa motar ɗanta Sangdu na tsaye, cike da ƙullin kayanta. Yau zai tafi da ita birnin Gwangju, gidansa da ke hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, domin likita ya ce gwiwar nan ta gama aikinta. Ita kuwa ta ƙudurta a ranta, in ta cika daro ɗaya a gabansa ta dawo da ƙafarta, ba inda za ta.

Safiyar ta yi luf. Taɓon na sheƙi kamar bayan kifi, ko'ina ramuka ne ƙanana, kowane rami da mai gidansa. Ƙaguwoyi sun fito dubu bisa dubu, kowace na ɗaga dantse ɗaya sama tana saukewa, sai ka ce taron jama'a ana gaisawa. Ga kuma kifin nan mai idanu a tsakar ka, wanda ya raina iyo, ya fi son tafiya da ƙirji. Har yau Malsun ba ta daina mamakinsa ba.

"Umma! Umma!"

Ta waiga. Sangdu ne, mutum mai shekara hamsin da furfura a gefen kunne, ya sauko daga gaɓa da takalmin ofis yana ɗaga hannu.

"Koma!" ta ƙwala masa. "Kai, koma na ce!"

Iska ta kwashe muryar. Taɓon bakin gaɓa na da tauri, shi ke yaudarar baƙo. Sangdu kuwa tun yana ɗan shekara bakwai ta tura shi makaranta a birni don kada ya san wannan wahala, ga shi bai san ta ba. Ya miƙe tsaye ya nufo ta, har ya iso gefen ƙoramar da ke ratsa taɓon, inda ko kare ba ya takawa. Taku ɗaya ya nutse zuwa gwiwa. Ya fizgi ƙafar da ƙarfi, ɗayar ta shige har cinya.

Malsun ta dubi ƙoramar. Kumfar da ke kanta ta daina gangarawa teku, ta soma hawowa.

"Ruwa ya juyo, Yaya," in ji Bunim. Babu wasa a muryarta yanzu.

Malsun ta ture daron ƙumbarta, ta juya hancin jirgi. Kowace tokara sai ta ji kamar ana soka mata ƙusa a gwiwa. Ko da ta isa, taɓo ya kai masa ƙugu, yana haki, yana riƙe da wayarsa sama.

"Daina motsi. Kwanta da baya."

"In kwanta? Umma, ai nutsewa zan yi!"

"Mai tsayuwa taɓon nan yake haɗiyewa. Kwanta, buɗe hannuwa, ka bar masa takalman."

"Bari in kira 'yan ceto..."

"Kafin su ɗaura igiyar takalminsu ruwa ya kai maka hanci. Kwanta, ɗan nema!"

"Kwanta, ranka ya daɗe," in ji Bunim. "Uwarka ma a nan naƙudarka ta kama ta, ba baƙon wuri ba ne kai."

Ya kwanta. Taɓon ya karɓe shi kamar katifa. Matan biyu suka zura hannu har kafaɗa a gefen cinyoyinsa, suna buɗa wa iska hanya, suna ce masa ya riƙa karkaɗa ƙafa a hankali.

"Umma," ya ce can, murya ƙasa-ƙasa. "Mene ne wannan ƙarar?"

Kunnensa na manne da ƙasa. Ita ta san abin da yake ji: tas-tas, cus-cus, ba iyaka, kamar hatsi na tsiro a lokaci guda.

"Taɓon ne ke numfashi. Duk ƙazantar da kogi ya kwaso daga garuruwanku, kyauron bakin gaɓa ya tace, na cikin ramukan nan su cinye saura. Ka zaci wa ke wanke muku teku? Karkaɗa, kar ka tsaya."

Sai ga tsuntsaye. Ruwan da ke tahowa ne ya taso su daga can bakin teku, masu dogon bakin nan da ke sauka duk bazara a rame, su yi wata guda suna kiwo, su wuce arewa. An ce daga wata ƙasa suke zuwa a ƙarshen duniya, kwana da kwanaki ba sauka. Suka rufe sama kamar hayaƙi. In suka juya baya sai gari ya dushe, in suka juya ciki sai ya yi fari fat, fukafukansu na shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Sangdu na kwance, baki buɗe. Malsun kanta sai da hannunta ya tsaya.

Ƙafar dama ta fito da wani irin tsotso, ta hagu ta biyo, ba takalmi ba safa. Suka mirgina shi kan katakon Malsun rub da ciki. Ita ta ɗosana gwiwa a ɗan wurin da ya rage, Bunim na turi ta gefe, ruwa na lasar bayansu. Saura kaɗan su kai gaɓa wani abu ya ce ƙas a gwiwarta. Ba ta yi ƙara ba. Bunim ce ta ƙarasa turin su biyun.

A kan duwatsun gaɓa Sangdu ya zauna, taɓo har cikin kunne, yana kallon teku na shafe sawunsu.

"Umma, ban san haka wurin nan yake ba," ya ce. "Bari in sauke kayan. Ki zauna abinki."

Malsun ta shafa gwiwar. Ta riga ta kumbura kamar kabewa.

"Bar su a motar. Da Bunim ba ta nan, da mu biyu ƙaguwa za ta yi buki da mu." Ta juya wajen Bunim. "Ke kuma ki ɗauki katakon nan. Kar ki bar shi a rana, tsagewa yake."

"Wa ke son tsohon katakonki?" in ji Bunim, tana goge ido da bayan hannu, tana ƙara shafa wa fuskarta taɓo.

Malsun ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Sangdu ya durƙusa ya ba ta baya, ta hau. Ya juya zai nufi mota, ta dafa kafaɗarsa.

"Ba haka ba. Fuskanci ruwa, in tafi ina kallonsa."

Ya fuskanci ruwa. Da baya da baya ya hau gangaren, ƙafa ba takalmi, a hankali, yana lalube da dunduniya.