Lambar Hayatu Mai Caji

Bayan an ƙwato Mubi, ƙungiyar agajin da Kwaji yake wa aiki ta ɗora masa haɗa iyalan da gudu ya raba. Sunayen waɗanda suka yi Yola suna cikin wata kwamfuta, na masu dawowa daga Kamaru ta Sahuda suna cikin wata, kuma manhajojin biyu ba sa ga maciji da juna. Da ƙyar ya jawo teburan sunayen biyu cikin kwamfuta ɗaya, ya haɗa su ta lambar waya, tunda kowane gida da lambarsa.

Kwamfuta ta yi tunaninta ta fito da gida guda mai mutum sama da ɗari biyu, Musulmi da Kirista, har da wani fasto da matan aure goma sha wani abu.

Lambar Hayatu ce, mai cajin waya a bakin kasuwa, wadda ya rubuta da jan fenti a jikin shagonsa. Duk wanda ba shi da waya a unguwar ita yake bayarwa, in an kira Hayatu ya aika a faɗa masa. Da aka tambaye su lamba a sansani, ita suka bayar. Hayatun kuwa tun ranar gudu wayarsa a kashe take.

Ran Kwaji ya ɓaci. Yana shirin goge shirmen sai ga Margret, mai tuyar ƙosai, wadda kullum take zuwa cigiyar ɗanta Vandi. Ya faɗa mata abin da ya faru don ta tafi.

"Karanta mini sunayen," ta ce.

"Mama, kuskure ne."

"Yarona lamba ɗaya ya sani, ta Hayatu. Karanta."

Ya fara karantawa ba don yana so ba. Tana tsaye da hannu a ƙugu, tana cewa wannan ya mutu, wannan yana Gombi, wannan bai biya ta ƙosai ba. Can ƙasa sosai Kwaji ya tsaya.

"Vandi. An rubuta shi a Sahuda, makon jiya."

"Yana da rai?"

Kwaji ya duba teburin daga wannan gefe zuwa wancan. Babu gurbin wannan tambayar.

"Mama, wanda ya mutu ba ya ba da lambar waya."

Ta zauna a ƙasa, kusa da kujerar da ya yi wata biyu yana miƙa mata, ta ce ya sake karantawa.