Damin Irin Fibi

Gwaggo Lilian ta zauna daram a bakin turmi, ta ɗora taɓarya a cinya.

"Wannan dawar ba za ta daku ba, Istifanus."

Istifanus, wan marigayi Yunis, yana tsaye riƙe da damin da ya sauke daga rufin madafa, hayaƙi ya baƙanta zangarkunsa. Irin shuka ne, Yunis ya zaɓe shi da hannunsa kafin ciwo ya kayar da shi. Tun da aka binne shi 'yan zaman makoki ke ta tururuwa daga Tsiga da Bakori, kowa ya yi waƙa guda ya share akushi biyu. Rumbu ya ƙare ƙarƙaf. Saura wannan damin, ga damina ta kawo kai.

Fibi, matar mamacin, tana ɗaki tana jin su, ba dama ta sa baki. Addu'a kam ta daina. Da ta rufe ido, sai ta ji zuciyarta na cewa: Ubangiji, ka ɗauke mai noman, irin ma za ka bari a cinye? Me zan zuba a ƙasa saboda yaran nan?

"Gwaggo, baƙi na jira," in ji Istifanus. "So kike a ce gidanmu an bar mutane da yunwa?"

"Naka rumbun fa, ƙofarsa ce ta ɓata? Kai da ke karanta mana Littafi ran Lahadi, tabarau a hanci, ba ka taɓa cin karo da inda aka ambaci gwauruwa ba?"

Matan zumuntar coci da suka zo daka suka ƙyalƙyale da dariya, suka jingine taɓarensu. Istifanus ya yar da damin, ya fice yana huci. Nasa rumbun dai bai buɗe ba.

* * *

Da aka ga murhu ya huce, baƙi suka soma tuna suna da gidaje.

Gwaggo ta shigo wa Fibi da damin. "Ungo, tura ƙarƙashin gado."

"Gwaggo, ko godiya na kasa yi wa Allah. Ban san ko yana ji na ba."

"To, huta, 'yata. Mu za mu riƙa yi miki, har bakinki ya dawo."

Fibi ta rungume damin. Ta ƙofa tana hango wata baƙuwa da ta tsaya ta leƙa tukunya, ta kankare ƙanzo, ta ƙulle a bakin zani, sannan ta bi 'yan uwanta.