Naman Karfasa a Firijin Alhaji Ɗalha

Nabila 'yar Gambo mai tattasai ta dawo Diffa daga karatu a Dakar da aiki guda a ranta. Can ta koyi auna girman kifin teku daga tsokarsa. Akwai abu biyu a naman, DNA da RNA. Na farkon ba ya sauyawa, na biyun kuwa yana ƙaruwa idan kifi na ci yana girma. In an gwada su, sai a gane ko kifi na cikin ƙoshi ko wahala.

Masuntan ƙauyen Geskeru sun daɗe suna kuka cewa karfasar kogin Komadugu ta daina girma. Shugabansu, Grema, ya ba ta kwalekwale da masu taya ta aiki. Tun zuwan ruwa take yankar ɗan nama daga kowane kifi, a kogin ta saman gonakin da ake wa feshi da kuma ta ƙasansu, don ta ga ko feshin ne sanadi, tana sawa a ƙananan kwalabe. Dole naman ya zauna a daskare har a kai shi Yamai. Ofishin da take aiki ba kuran kirki, wato wutar lantarki, sai ta roƙi Alhaji Ɗalha, Badamagare mai babban kanti da injin wuta, ya ba ta gefe a firijinsa. Ya ce ba komai.

Azumin 1993 ya zo da zafi, kogi ya ja baya. Ranar da za ta ɗauki kwalaben, ta tarar firiji maƙare da ƙanƙarar sayarwa. Kwandon kwalabenta yana bayan kanti, cikin rana, ƙuda na bi.

"Alhaji, wa ya fitar da kayana?"

"Ni ne, ɗiyata. Mutane na azumi, ƙanƙara suke nema. Ɗan naman da bai kai ƙumba ba?"

Ta nuna waje da hannu. "Da ka aika gidanmu! Ga gidanmu can, ana hango shi daga ƙofarka! Aikin damina guda ka zuba wa ƙuda!"

"Ki kamo wasu mana."

"A ina? A cikin yashi? Ka je ka dubi kogin!"

Alhaji ya ce yarinyar ba ta da kunya. Ta ce kunya tana wurin wanda aka ba amana. Ta ɗauki kwandon da warinsa ta fita, ba sallama.

A Geskeru ta ajiye shi gaban Grema. Ya buɗe kwalba ɗaya, ya rufe. Sannan ya ce daga yau ko kan kifi ɗaya na masuntansa ba zai shiga kantin Ɗalha ba.

Mahaifinta ya matsa ta je ta ba Alhaji Ɗalha haƙuri, ta ƙi. Da ruwa ya dawo ta sake farawa daga kifi na farko, a wani firiji mai aiki da kananzir da ta kafa a ɗakin uwarta.