Rabin Littafin da Ya Tafi Abu Hujar

Littattafai sun yi ƙaranci a makarantar ƙauyen, don haka akan farke ɗinkin littafi a raba shi biyu, ɗalibai biyu su karanta lokaci guda.

Hindu ta gama labarin wata yarinya mai tuƙa kwalekwalen mahaifinta, ta rasa wanda za su yi hirarsa. Ta bi ƙawarta Mero har bakin magudanar ruwan gona.

"Wallahi Mero, in kika fara, ko abinci ba za ki ci ba. Karɓi rabin farko, ki zo mu yi maganarsa."

"Ke dai kin cika zuzuta abu," in ji Mero, amma ta cusa shi cikin mayafinta.

Kafin Juma'a, babbar mota ta kwashi gidan su Mero zuwa Abu Hujar yankan riɗi. Rabin farko ya bi ta.

Da la'asar Hindu ta karanta wa kakarta ƙarshen, tana fassara mata daga Larabci.

"Wai 'yar gidan wa ce wannan?" in ji tsohuwar.

Hindu ta fara bayani, amma kakar ta tashi korar kaji daga shanyar dawa. Hindu ta tura rabin nata ƙarƙashin matashi, sai an dawo daga girbi.