Rigar da Yaya Ta Wanke

Ranar Talata ce, tun hantsi ake tsuga ruwa. Kowa ya gudu ya fake, ni kaɗai na rage a gindin bishiyar da nake facin taya, ina tattara kayan aiki. A nan Dogo ya same ni. Shi ma faci yake yi, kuma ya daɗe yana cewa wurin na ubangidansa ne, in tashi. Na ce ba inda za ni. Muka kaure da kokawa cikin taɓo, ya zaro wuƙar yankan roba ya luma min a dantse, tsininta ya karye a ciki. Garin fizgewa shi ma ya yanke tafinsa. Da wannan hannun ya damƙi wuyan rigata ya hankaɗa ni, ya arce. Babu wanda ya gani.

Wani mai babur ya kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu, inda yayata take aikin nas. Tana ganina ta saki farantin da ke hannunta.

"Auta! Wane tautsayi ka kwaso kuma?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zura almakashi ta ramin da wuƙar ta huda, ta tsaga rigar har wuya. Likita ya ciro tsinin ƙarfen, ita kuma ta jefa shi cikin kwalin tsofaffin allurai, wanda ake ƙonawa a bayan asibiti kafin a tashi aiki. Rigar kuwa gida ta tafi da ita, ta jiƙa a ruwan bilic don kada Inna ta ga jini hawan jininta ya tashi.

Washegari ɗan sanda ya zo da takarda da biro. Na faɗa masa komai, har da jinin Dogo a wuyan rigata. Fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ina rigar?"

"Tana kan igiya," in ji Yaya. "Ta fita tas."

Ya zuba mata ido. "Tsinin wuƙar fa?"

"An ƙona da shara."

Ya rufe biron, ya sa a aljihu. "Sista, ke 'yar'uwarsa ce ko ta Dogo?"

"Yallaɓai, rai nake ceto. Kana so in bar ƙanena yana zubar da jini in tsaya lallaɓa tsumma?"

"Tsumman nan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Kin wanke mata baki."

An kama Dogo duk da haka. Ya ce bai ma fita ba ranar, ciwon hannunsa kuma kwanon rufi ne ya yanke shi. A kotu lauyansa ya ɗaga rigata da yatsu biyu, fara sol, tana ƙamshin sabulu.

"Ranka ya daɗe, wannan ce hujjar? Ni dai abin da na gani, gidansu an iya wanki."

Har magatakarda sai da ya dara. Na miƙe zan yi magana, aka ce in zauna. Alƙali ya ce maganata ce da ta Dogo, ba ta uku, ya sallame shi.

Yaya ma sai da aka kira ta ofishin 'yan sanda kan ɓatar da hujja. Aka gane ba da gangan ta yi ba, aka ƙyale ta, amma asibiti ya ɗauke ta daga ɗakin gaggawa ya maida ta wurin awon jarirai. Bayan haka ne asibitin ya gayyato wata lauya ta koyar da ma'aikata yadda ake adana hujja.

Ranar da aka yi koyarwar, da yamma Yaya ta dawo, ta same ni a tsakar gida ina matsa ƙwallon roba, ko yatsuna za su farfaɗo. Ta zauna kan turmi ba ta ko cire takalmi ba.

"Ashe ba a yanka riga ta wurin hujin, kewayewa ake yi. Ba a wankewa, ba a sa ta a leda, sai jakar takarda. Abin da aka ciro a jikin mutum a ajiye, a miƙa wa hukuma hannu da hannu."

"Yau suka sani?"

"Tun da na fara aiki abu ɗaya ake dafa mana a kai: ka ga jini, ka goge. Wanda ya bar datti shi ake hukuntawa. Ba wanda ya taɓa ce min akwai dattin da ake adanawa."

"To ki je ki gaya wa alƙali."

"Auta, kada ka yi min rashin kunya. Hannun nan da kake nuna ni da shi, ni na ɗinke shi."

"Kin ɗinke, ba na musu. Ya riƙe sifana mu gani."

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce mu rufa mata asiri, maƙwabta na ji. Na wurgar da ƙwallon na fita. Ƙafata ta kai ni bakin titi ba da shawarata ba. Dogo na gindin bishiyar, ya kafa injin iskarsa, wani tsohon kwastomana yana miƙa masa taya.

Abin da ya tafi: riga ɗaya, yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa, wurin sana'ata, shari'ar, da kujerar Yaya a ɗakin gaggawa.