Baƙuwa a Adakar Alhaji Sabo

Alhaji Sabo ya ƙarasa ɗaga murfin adakar da bakin sandarsa, ya leƙa. A kan likkafaninsa, farin yadin da ya wanko da ruwan zamzam shekarar da ya sauke farali, kyanwar gidan ce kwance da 'ya'ya huɗu, ko ido ba su buɗe ba.

Laifinsa ne. Duk Juma'a yakan buɗe adakar don yadin ya sha iska. Juma'ar da ta wuce kuwa a nan jiri ya kwashe shi, aka yi asibiti da shi, ba wanda ya bi ta kan murfi. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya hana shi gishiri da man shanu, ya haɗo shi da ƙwayoyi kala uku. Tun kafin su shigo unguwarsu ta Kwarbai Alhaji ya sanar da matarsa, Hajiya Batulu, cewa ba zai sha ba. Shekararsa saba'in da takwas, ya ɗinka manyan riguna har ido ya ƙi, ya aurar da 'ya'ya, tuwon da ba gishiri kuma ba zaman duniya ba ne. Shi ya gama shiri. Abin da ya kawo shi ɗakin ke nan, ya duba kayan tafiyarsa.

Hajiya ta shigo, ta gani, ta yi salati a hankali. Ta ce a samo kwali a kwashe su, ta wanke yadin tun bai kama ba. Alhaji ya tuna mata bara: ita ta taɓa 'ya'yan da kyanwar ta haifa a lokacin, uwar ta kwashe su ta haura katanga cikin ruwan sama, da safe aka tsinci uku matattu a kwata. Yanzu ma damina ce.

Kyanwar nan shekara shida ke nan da ta faɗo gidan, ƙashi da fata. Alhaji bai taɓa yarda tasa ba ce, Baƙuwa yake ce mata, amma kan kifin miyarsa nata ne, in kuma ta riga shi hawa buzu sai ya shimfiɗa tabarma.

Hajiya ta zauna a bakin gado. Tsoro take ji, ba na kyanwa ba. Shekara hamsin suna tare, ta san in ya kafe ko limamin unguwa ba ya tanƙwara shi.

"Alhaji, kai da kake cewa yau ko gobe. In ta zo gobe, da me za mu rufe ka?"

Yadi dai ga shi nan jibge a kasuwa, shi ma ya sani. Amma kaf unguwar ba wanda bai sha labarin likkafanin zamzam ba, ba zai yarda a naɗe shi a yadin kasuwa kamar wanda mutuwa ta yi wa ba-zata ba. Ya sake leƙawa. Ƙaramin cikin 'ya'yan ya rasa nono, yana ta laluben iska. Alhaji ya tura shi da bakin sanda, a hankali, har ya kama.

Ya tambaya wata nawa suke yi kafin su bar uwar. Hajiya ta ce biyu.

"Ina ledar nan ta likita?"

Ta kawo, da ruwa a kofi. Ya haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɓata rai.

"Wata biyu. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Hajiya ta ce to. Da ya fita alwala, sai ta ɗauko tsohuwar muciya ta tokare murfin adakar da kyau. Ita dai ta san Baƙuwa sau biyu take haihuwa a shekara.